Tsibiran wuri da kufan Tenere

Babu ɗan kasuwar da bai taɓa jin mai ciniki ya rantse cewa ba shi da ko wuri ba. Maganar ta zauna a baki, amma kaɗan ne daga cikin masu yin ta suka taɓa tambayar inda wurin ya fito. 'Yan yanzu ba su san shi ba sai a jikin laya, ko a kitson 'yan mata, ko a tabarmar mai duba. Alhali kuwa shekaru aru-aru wannan ɗan farin ƙoƙo shi ne abin saye da sayarwa daga Katsina zuwa Damagaram, har ma kalmar kuɗi da ake faɗi yau asalinta jam'in wuri ce. Wuri ba ya fita a rijiya, ba ya fita a gulbi. Ɗan teku ne, kuma wanda kakanni suka fara sani, ƙaramin nan mai ƙwari, ya taso ne daga wasu 'yan tsibirai da ke tsakiyar tekun Indiya, waɗanda ake kira Maldib.

Labarin waɗannan tsibirai ya cancanci a kawo shi a wannan fili. Mutanensu sun daɗe suna tsintar abin da teku ya ba su suna sayarwa a wulaƙance, daga baya suka gano cewa abin da aka bari a wurinsa ya fi wanda aka ɗauka kawo kuɗi. Jihar Agadas, duk da ba ta da teku, tana tsaye a gaban irin wannan zaɓi.

Alƙalin da ya ga farashi biyu

Maldib tsibirai ne kusan 1,200 a kudu maso yammacin Indiya, waɗanda ake zaune a cikinsu ba su kai 200 ba. Duka ƙasarsu in an haɗa wajen murabba'in kilomita 300 ce, kuma a matsakaici tudunta mita ɗaya da rabi ne bisa ruwan teku. Mutanen Musulmi ne tun shekarar 1153. A ƙarshen 1343 matafiyin nan na Tanja, Ibn Battuta, ya sauka a can, har aka naɗa shi alƙali. Ya ba da labarin yadda ake ɗebo wuri daga teku a zuba a rami, naman ya ruɓe, ƙoƙon ya rage fari fat. Farashin da ya tarar shi ne wuri 400,000 a dinari guda na zinariya, wani lokaci ma ya fi haka araha.

Kamar shekara goma bayan haka, wannan alƙali ya ƙetaro hamada zuwa Mali da Gawo, ya iske ana musayar wuri 1,150 kacal da dinari guda. Mai lissafi ya duba: ninki fiye da 300 ke nan. A 1353 ya biyo ta Takedda, garin tagulla wanda masana da dama ke ganin shi ne kufan Azelik kusa da Tegidda-n-Tesemt, sa'an nan ya ratsa Abzin ya koma Maroko. Wannan riba mai yawa masu jiragen ruwa da madugai ne suka ci ta. Wanda ya shiga ruwa ya ɗebo wurin bai samu ba sai shinkafar da aka ba shi a madadi.

Hamada ta ajiye shaidar wannan fatauci. A 1964 masanin nan Bafaranshe Théodore Monod ya kai ga wani wuri da ake kira Ma'adin Ijafen a ƙasar Muritaniya, inda wani ayari na wajen ƙarni na 12 ya binne kayansa bai dawo ba: sandunan farar tagulla fiye da 2,000, da tarin wuri irin na Maldib. Ayarin ya nutse a rairayi kamar yadda jirgi ke nutsewa a ruwa. Shi kuwa Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zauna a Agadas a watan Oktoba na 1850, da ya isa Kano a 1851 ya tarar da wuri 2,500 a dala guda ta azurfa. Ba a jima ba 'yan kasuwar Hamburg suka cika gaɓar Afirka ta Yamma da wani wuri mai araha daga Zanzibar, darajar ta zube, zuwan kuɗin Turawa kuma ya ƙarasa shi. Tsibiran suka wayi gari babu mai neman hajarsu.

Abin da ake sayarwa yanzu

A 1972 aka buɗe masaukin baƙi na farko a tsibirin Kurumba, kusa da babban birni Male. A 2024 masu yawon buɗe ido fiye da miliyan 2 suka shiga ƙasar, wadda mutanenta ba su wuce rabin miliyan da kaɗan ba. Da yawa daga cikin baƙin nan abin da ya kawo su yana ƙarƙashin ruwa. Suna biyan kuɗin jirgi da masauki da ja-gora domin su nutsa su ga duwatsun murjani da kifaye da gawarwakin jiragen ruwa, su fito hannu wofi, su koma gida da hoto.

Wannan irin nutso sabon abu ne a duniya. A 1943 wasu Faransawa biyu, hafsan sojan ruwa Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke sakin iska daga tukunyar ƙarfe daidai buƙatar mai numfashi. Mai nutso yana goya tukunyar a baya, ya riƙe bakin tiyo da haƙora, ya sa gilashi a ido da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Ruwa yana da nauyi: kowace mita 10 da aka sauka, matsin da ke kan jiki yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya baki ɗaya. A zurfin mita 30 matsin ya zama ninki huɗu, iskar tukunya ma tana ƙarewa da sauri ninki huɗu. Iskar azot da ke cikin numfashi kuma tana narkewa a jini. In mutum ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jijiyoyi, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe, abin da kan jawo shanyewar jiki ko mutuwa. Saboda haka ake tasowa sannu a hankali, a dakata minti 3 a zurfin mita 5, ba a nutso mutum shi kaɗai, kuma ba a hawa jirgin sama sai an kwana. Duk wanda ya taɓa bin madugu zuwa Bilma zai gane wannan tarbiyya: ana auna guzuri tun kafin a tashi, ba a rabuwa da ayari, kuma maganar ja-gora ita ce doka.

Murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya, jan nan da fatake ke kawowa daga arewa, na tekun Bahar Rum ne. Na Maldib ɗan'uwansa ne mai gina dutse. A ido kamar itace ko dutse yake, amma taron ƙananan dabbobi ne, kowace tana gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, 'ya'ya su gina bisa na iyaye. Irin masu dunƙulewa ba su ƙara fiye da wajen santimita guda a shekara, don haka dutsen da ya kai tsayin mutum ya girmi kakan kakansa. Tsibiran Maldib kansu a kan irin wannan gini suke zaune. Duwatsun murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku a jikinsu suke samun abinci da mafaka.

Jiragen da suka nutse su ma sun zama dukiya. Ranar 13 ga Fabrairu 1981 wani jirgin kaya mai suna Maldive Victory, wanda ya taso daga Singafo, ya daki dutse kusa da filin jirgin saman Male, ya nutse ba tare da an yi asarar rai ba. Yana zaune a zurfin wajen mita 35, murjani ya lulluɓe ƙarfensa, kifaye sun mai da shi gida. A can kudu, a Addu, akwai jirgin dakon mai na Ingila, British Loyalty, wanda jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin ruwa ya harba a 1944, aka ƙarasa nutsar da shi a 1946. Da an yanka waɗannan jirage an sayar a matsayin tsohon ƙarfe, da an ci kuɗin an manta tuntuni. Da yake an bar su, masu kwale-kwale da masu ja-gora suna ci daga jikinsu shekara da shekaru.

Lissafin da ya sauya ra'ayi

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen Maldib sun tashi da wannan hikima ne tun fil azal. Da dutsen murjani suke gini. Babban masallacin Juma'a na Male, wanda aka gama a 1658, da shi aka sassaƙa shi. Da birnin ya bunƙasa sai aka shiga farfasa duwatsun da ke kare tsibirai daga igiyar ruwa ana loda wa kwale-kwale, har gwamnati ta taƙaita wannan aiki a farkon shekarun 1990. Masunta kuma suna kama babban kifin nan mai cin nama da Faransawa ke kira rekan, suna sayar da fukafukansa ga 'yan kasuwar Asiya. A 1993 wani bincike ya nuna cewa rekan guda mai rai, a wurin da baƙi ke zuwa kallonsa, yana jawo wa ƙasa wajen dalar Amurka 3,300 kowace shekara, alhali in an kashe shi masunci ba ya samun fiye da dala 32, sau ɗaya tak. A 1995 aka keɓe wuraren nutso 15 aka sa su ƙarƙashin kariyar doka, a 2010 kuma aka hana kamun rekan. Bafillatana ta daɗe da sanin wannan lissafi: nono take kai wa kasuwa, saniya tana gida.

Inda ba a tsare ba kuwa, ga abin da ya faru. A tekun Maliya akwai jirgin Ingila mai suna Thistlegorm, wanda jiragen saman Jamus suka nutsar a watan Oktoba na 1941 ɗauke da manyan motoci da babura da kayan yaƙi. Tun da masu nutso suka fara yi masa tururuwa a farkon shekarun 1990, wannan ya cire sitiyari, wancan ya ɓalle fitila, kowa yana cewa ɗan abin tunawa ne kawai. Motocin da dama sun zama kwarangwal. Ba ɓarawo guda ne ya yashe jirgin ba, hannaye dubu ne, kowane da ɗan kaɗan.

Akwai kuma masifar da ta fi ƙarfin doka. In ruwan teku ya ɗumama fiye da ƙima na 'yan makonni, murjani yakan yi fari ya mutu. A 1998 mafi yawan murjanin da ke kusa da saman ruwa a Maldib ya halaka, a 2016 abin ya sake dawowa. Ranar 17 ga Oktoba 2009 shugaban ƙasar na lokacin, Mohamed Nasheed, ya tara ministocinsa a ƙarƙashin ruwa, kowa da tukunyar iskarsa, suka sa hannu a takardar kira ga duniya game da ɗumamar yanayi. Mutanen da fari ya kashe wa dabbobi a 1973 da 1984 ba su buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Tekun da ya ƙafe

To, ina ruwan Agadas da duk wannan? Amsar tana ƙarƙashin rairayi. Wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, Gadafawa da ke kudu maso gabashin Agadas ƙasar manyan koguna ce. A can masani Philippe Taquet ya yi tono tun daga 1965, aka fito da ƙasusuwan dinozor da aka raɗa wa suna Ouranosaurus nigeriensis, da na wani kada mai suna Sarcosuchus wanda tsawonsa ya wuce mita 9. A yankin Ingal aka tono Jobaria, wanda aka sa wa suna a 1999. A shekarar 2000 ayarin Ba'amurke Paul Sereno ya ci karo da Gobero, maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, inda mutane suka zauna tun kusan shekara 10,000 da suka wuce. An samu ƙugiyoyi da masun kamun kifi na ƙashi, da ƙayoyin giwan ruwa, a wurin da yau ba a samun ko ɗigon ruwa. A Dabus, kan hanyar Arlit, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a dutse mai tsawon fiye da mita 5. UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991, ta ƙara da tsohon birnin Agadas a 2013.

Tenere tana da gawarwakin jiragenta ita ma. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin saman kamfanin UTA ya tarwatse a samanta da mutum 170, a 2007 kuma iyalan mamatan, tare da ma'aikata 'yan ƙasa, suka gina abin tunawa da baƙaƙen duwatsu da fiffiken jirgin. Irin wannan wuri, kamar Gobero, kabari ne kafin ya zama abin kallo, kuma haƙƙin kabari a bar shi yadda yake.

Duk wanda ya san Agadas a zamanin da jiragen baƙi ke sauka kai tsaye daga Faransa ya san abin da ake shimfiɗawa a tabarma a ƙofar masauki: kawunan kibau na dutse, duwatsun niƙa, gatura, haƙoran dabbobin da suka zama dutse, ana sayarwa jika ɗaya, jika biyu. Kowane ɗaya daga cikinsu an tsince shi ne daga wani kufai, kuma ba ya sake tsirowa. Murjani ko ya mutu yana iya farfaɗowa cikin shekaru goma sha, amma kufan da aka share ya tafi har abada, kuma masani ba ya iya karanta komai a jikin kibiyar da ba a san inda aka ɗauko ta ba. Babban misali ya zo kwanan baya. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutse mai nauyin kilo kusan 25 a jihar Agadas, wanda ya faɗo daga duniyar Mars. A watan Yuli na 2025 gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York a kan dalar Amurka fiye da miliyan 5, wato kusan miliyar 3 na sefa, abin da ya sa hukumomin Nijar suka buɗe bincike. Tsakanin hannun da ya tsinta da hannun da ya saya, farashi biyun nan na Ibn Battuta ne suka sake bayyana.

Hujjar mai tsinta, da amsarta

Mai tsinta yana da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Zai ce baƙin da ake magana ina suke? Tawayen 1990 zuwa 1995 ya kore su, suka dawo bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995, tawayen 2007 ya sake korarsu, satar ma'aikata a Arlit a watan Satumba na 2010 ta ƙarasa rufe ƙofa. Masu ja-gora da direbobi da maƙeran azurfa da yawa suka koma jigilar matafiya ko haƙar zinariya a Jado. Mai iyali ba ya ciyar da 'ya'yansa da alkawarin baƙon da bai zo ba. Wannan gaskiya ce. Sai dai rashin tsaro yana da ranar ƙarewa, kamar yadda aka gani a 1995. Ranar da hanya ta buɗe, baƙo da ɗalibi da masani za su zo neman abin da ya rage ne. In sun tarar an share, ba za su dawo ba, kuma 'ya'yan Agadas za su riƙa biyan kuɗin jirgi domin su je su ga kayan kakanninsu a bayan gilashi a wata ƙasa.

Doka tana nan. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kare kayan gadon ƙasa, kuma ba ta yarda a yi tono ko a fitar da irin waɗannan kaya ba sai da izinin hukuma. Abin da ya rage aikin mutane ne. Ma'aikacin duwan da jandarma da ke bakin shinge su san kamannin abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin buhu, wanda ke nufin a koya musu. Mai sa hannu a takardar izini ya tambayi ranar da kayan za su dawo da inda za a ajiye su. Malamin makaranta ya kai yara su ga siffar raƙumin dawan Dabus da aka kafa a filin jirgin saman Mano Dayak, ya gaya musu cewa na ainihin yana nan a jiharsu. A Dabus ɗin an sa masu gadi daga cikin mutanen wurin, kuma wannan ita ce hanya: makiyayin da ya san kufai a ba shi albashin tsaronsa, domin wanda ke ci daga abu shi ya fi kowa kishinsa. Ɗan kasuwa kuma yana da hajar da ba ta ƙarewa, wato azurfar maƙera da aikin fata da kwaikwayon kibau da aka sassaƙa jiya, a sayar da su da sunan abin da suke.

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Maldib sun yi ƙarnuka suna loda wuri a jiragen wasu kafin su koyi sayar da kallo su riƙe kaya. Agadas ba ta da waɗannan ƙarnuka, domin mota mai taya huɗu tana share a mako guda abin da rairayi ya ɓoye shekara dubu goma. Allah ya ba shugabanni da talakawa ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa.